Kulocin Corolla yana sake nutsewa bayan an fitar da iska: ta ina iskar take shiga?

Mai Corolla, daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin mota a kan wata matsalar kuloci da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Motar Toyota Corolla ce ƙirar 1996 mai giyar hannu, kulocinta na mai ne, ba na waya ba, kuma yana da ɗan kofin mansa daban da na birki.

Abin ya fara ne da ribas, wadda ba ta shiga sai ta yi ƙara, daga baya giya ta ɗaya ma ta fara gardama, musamman idan na daɗe a cikin cunkoso ƙafata tana kan feda. Fedar ta yi laushi, kuma inda kuloci yake kamawa ya sauka har ya kusa da daɓen mota. Idan na tattaka fedar da sauri kafin in sa giya, sai ta shiga lafiya lau, haka nan idan inji a kashe yake, babu giyar da take ba ni wahala.

Bakaniken da nake kai wa aiki ya ce iska ce, ya fitar da ita, motar ta gyaru, amma ba a jima ba ta koma gidan jiya, kuma haka ake ta yi tun daga lokacin. Man da ke cikin kofin yana raguwa a hankali, ya kuma yi baƙi, sai dai ban taɓa ganin ɗigo a inda nake ajiye motar ba. A zuwana na ƙarshe ya ƙara tsawon sandar da ke bayan feda domin kulocin ya riƙa kamawa daga sama, sannan ya ce idan wannan bai yi ba, to sai an sauke giyabos an canza faifan kuloci da filet ɗin da yake danne shi.

Kafin in amince da wannan babban aiki, ina so in fahimci ta inda iskar take shiga, da inda man yake tafiya tunda ba ya zuba a ƙasa, da kuma ko akwai gwajin da zan iya yi da kaina a gida. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, daga Kano:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a sauke giyabos tukuna, domin babu ko ɗaya daga cikin alamun da ka lissafa da yake nuna filet ko faifai. Faifan da ya cinye santsi yake yi, wato ka taka totur inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuma yawanci daga can sama yake kamawa. Naka kuwa daga ƙasa yake kamawa, yana gyaruwa idan ka tattaka feda, ga kuma mai yana raguwa. Duk waɗannan a ɓangaren mai suke.

Ka riƙe wannan da kyau: kofin kulocin da ba ya haɗe da birki ba shi da wani dalilin raguwa sai yoyo. A birki, mai yakan ɗan sauka idan takalman birki sun cinye, amma a kuloci cinyewar faifai tura fistin ɗin silindar ƙasa, wadda take jikin giyabos, take yi baya, har ma mai ya ɗan hau a cikin kofi. Saboda haka man da ya ɓace a motarka wani wuri ya bi ya fita, kuma ta wannan wurin ne iska take shiga, domin duk lokacin da ka saki feda fistin yana komawa baya, robar da ta gaji kuma sai ta zuƙo iska ta gefenta. Fitar da iska ba tare da an gano wannan wuri ba kamar zuba ruwa ne a tulun da ya tsage.

Wuraren dubawa ba su da yawa. Ka fara da cikin mota: ka kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila, ka bi sandar da ta tashi daga feda ta shige cikin masta, wato silindar sama wadda take tura mai idan an taka feda, ta jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba. Idan robar bayan masta ta mutu, man ba ya fita waje, ciki yake gangarowa ya shige ƙarƙashin kafet, shi ya sa mutum zai daɗe bai ga ɗigo a ƙasa ba. Ka shafa da yatsa, ka ɗaga kafet ɗin, ka kuma duba ko fentin wurin ya kumbura ko ya saɓule, domin man kuloci man birki ne, shi kuwa cin fenti yake yi.

Daga nan ka buɗe bonet. A irin motarka silindar ƙasa tana waje, a jikin giyabos ta gaba, ana ganinta ba sai an shiga rami ba. A bakinta akwai robar da take hana ƙura shiga, mai lanƙwasa-lanƙwasa. Ka ja bakin robar nan baya kaɗan. Cikinta a bushe ya kamata ya kasance, idan kuwa mai ya zubo ko ka ga laka mai danshi, to ka kama ɓarawon. Wannan roba tana iya tara mai da yawa, ɗan abin da ya tsallake kuma ƙura ta shanye shi a jikin giyabos. A ƙasarmu ita ce take fara lalacewa, domin da zarar ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da mai ta riƙa goge cikin silinda. Bayan ta sai ka bi bututun ƙarfe daga sama har ƙasa, ka duba mahaɗansa da inda yake gogar wani ƙarfe, sannan ka sa wani ya taka feda kai kuma ka riƙe tiyon roba da ke tsakanin jikin mota da giyabos, ka ji ko yana kumbura ko yana gumi.

Akwai yoyon da ba a gani, wanda yake faruwa a cikin masta, inda mai yake zille wa robar gaba ya koma kofi. Gwajinsa shi ne, da inji a kashe, wani ya taka feda har ƙasa ya riƙe kamar minti guda, kai kuma ka zuba wa sandar silindar ƙasa ido. Idan ta fito ta tsaya cik, masta tana riƙe ƙarfi. Idan ta fara komawa a hankali alhali ƙafa tana kan feda, to ƙarfin yana zurarewa. Wannan ne ya sa giya take ƙin shiga bayan ka daɗe da taka feda a cikin cunkoso. Ka yi waɗannan ka dawo mana da abin da ka gani.

Malamin Fasaha, daga Kaduna:

Abin da Baba ya faɗa ya wadatar a kan neman yoyo. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin bayaninka shi ne ƙara tsawon sandar feda, domin wannan dabara tana ɓoye ciwo ne kawai, kuma tana iya haifar da wanda ya fi shi.

A cikin masta akwai hanyar da take haɗa silinda da kofin mai, wadda take buɗewa kawai idan fistin ya koma mazauninsa gaba ɗaya. Ta nan ne mai yake komawa kofi idan ya yi zafi ya kumbura, ta nan ne kuma yake saukowa ya cike gurbi. Idan aka tsawaita sanda har ta danne fistin ko da feda tana sake, hanyar ba za ta buɗe ba, sai ƙarfi ya taru a cikin bututu yayin da inji ya ɗau zafi, ya zama tamkar ƙafarka tana kan feda a koyaushe. Sakamakon shi ne kuloci ya fara santsi a doguwar tafiya, boris ɗin kuloci, wanda yake danna filet idan an taka feda, ya yi ta juyawa babu hutu, faifan da yake lafiya ya ƙone. A nan ne mutum zai sauke giyabos da dalili. Ƙa'idar Toyota ga motocin wancan zamani ita ce fedar ta samu wasan milimita 5 zuwa 15 kafin ka ji ta fara nauyi, sandar kanta kuma ta samu wasan milimita 1 zuwa 5 idan an auna a kan feda. Ka danna fedar da yatsa ka auna da rula, idan babu wasa ko kaɗan, a mayar da sandar yadda take tun kafin a yi wani aiki.

Sai batun man. Motarka man birki mai lamba DOT 3 aka rubuta mata, kuma DOT 4 yana yi, domin asalinsu ɗaya ne kuma suna gauraya. Wanda ba a haɗawa da su shi ne DOT 5, wanda aka yi da silikon, kuma a kula kada a rikita shi da DOT 5.1, wanda shi ɗan gidan DOT 3 da DOT 4 ne. Babban haɗari shi ne baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari, domin ko kaɗan ne ya shiga, robobin za su kumbura su yi laushi, sai an canza su duka an wanke bututu. Ko mazurari ko sirinjin da ya taɓa baƙin mai bai kamata ya kusanci kofin ba, kuma ba a wanke kayan cikin silinda da fetur ko kananzir.

Man birki yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, abin da aka lamunce masa ya sauka zuwa digiri 140, DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. A kuloci tafasa ba ita ce babbar damuwa ba kamar a birki, abin da ruwan yake yi shi ne ya sa cikin silinda ya yi tsatsa ya ɓuɓɓule, sai roba ta riƙa wucewa a kan wurin tana cinyewa. Baƙin da ka gani a cikin man, mafi yawansa garin robar ne. Shi ya sa ake canza man duk shekara 2, kuma a sayi wanda bakinsa yake a liƙe, ba wanda ake tsiyayowa daga buɗaɗɗiyar roba ba.

Direban Haya, hanyar Funtuwa zuwa Gusau:

Oga, ni ba bakanike ba ne, amma kuloci shi ne abincina, kuma ina da ra'ayi a kan abin da za ka saya idan ka gano mai laifin. Za a ba ka zaɓi uku a kasuwa: robobin gyara kaɗai, ko tsohuwar silinda ta Beljiyam, ko sabuwa. Mu masu haya mun fi sayen robobin saboda sauƙin kuɗi, kuma suna yi, amma da sharaɗin cikin silinda yana nan sumul. Idan aka fitar da fistin, ka haska ciki ka kuma zura yatsa, in farcenka ya ji zane ko rami, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, ko an goge da samfefa. Ta Beljiyam kuwa ƙarfenta na asali ne, amma robarta ta tsufa a ajiye, don haka ni nakan saye ta ne in sa mata sababbin robobi. Idan za ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada faɗin cikinta, domin akwai masu kama da juna a ido amma ba girmansu ɗaya ba, kuma masta mai ƙaramin ciki ba za ta tura isasshen mai ba.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana direbobi su bar zuba ruwan sabulu a kofin idan mai ya ƙare a hanya. Zai kai ka gari, amma ya gama da silindar. Ƙaramar robar man birki ba ta cin wuri a cikin mota.

Kai dai ka gode wa Allah silindarka ta ƙasa a waje take. A yawancin Opel Astra da Zafira da Ford Focus tana cikin giyabos ne, haɗe da boris, idan ta yi yoyo dole sai an sauke giyabos. Irin waɗannan motoci kuma kofi ɗaya suke sha da birki, mafitar kuloci tana sama da ta birki, saboda haka kuloci ne yake fara mutuwa idan mai ya sauka, kuma wajibi ne a duba birkin ma.

Mai Corolla, daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi yadda Baba ya ce. Kafet a bushe yake, amma da na ja robar bakin silindar ƙasa sai mai ya zubo mini a hannu, kuma robar ta yage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Fedar ba ta da wasa ko kaɗan, don haka aka sassauta sandar kamar yadda Malam ya bayyana. Da aka buɗe masta an tarar da zane a cikinta, saboda haka na sayi sababbi sama da ƙasa, aka ɗaura.

Yanzu kuma wata sabuwa ta taso. Mun fitar da iska ni da ƙanena kamar yadda ake yi wa birki, yana famfo da sauri ina buɗe noti, mai yana fitowa, amma fedar ta faɗi ƙasa ba ta dawowa sai an ɗago ta da hannu, sandar ƙasa kuma da kyar take motsi. Shin sabuwar mastar ce ba ta da kyau, ko akwai abin da ya kamata a yi dabam?

Tsohon Bakanike, daga Kano:

Madalla, ka yi daidai da ka canza su tare, domin sa'o'in juna ne, kuma mai ɗaya suka sha. Kada ka yi saurin zargin sabuwar masta. Masta da aka ɗaura a bushe cike take da iska, iska kuwa matsewa take yi, ba ta tura komai. Faɗuwar feda a wannan mataki ba laifi ba ne, domin ƙarfin filet ne yake dawo da ita ta hanyar mai, kuma yanzu babu man da zai kawo wannan ƙarfi.

Ku daina famfo da sauri, yana farfasa iskar ne ta zama kumfa ƙanana waɗanda suke da wuyar fita. Ku bar motar ta huta kamar rabin awa, sannan ku fara daga sama. Ka cika kofi, ka sa tsumma a ƙarƙashin masta, ka sassauta notin bututun da ya fito daga bakinta da sifana mai lamba 10. Ƙanenka ya taka feda a hankali har ƙasa ya riƙe, ka ɗaure notin, sannan ya ɗago fedar da hannu a hankali, ya ɗan jira kafin a sake. Ku maimaita har sai mai ya fito babu tartsatsin iska. Duk inda man ya taɓa fenti ka wanke da ruwa nan take, ka kuma kiyaye idonka.

Sannan ku sauka ƙasa. Ka samu siririn tiyo wanda ake ganin abin da ke cikinsa, irin na ƙarin ruwa yana yi idan sabo ne, ka cusa shi a kan notin fitar da iska, ɗaya bakin kuma a cikin kwalba mai ɗan man birki, ya nutse a ciki. Da farko ka buɗe notin kamar rabin juyi ka bar mai ya gangaro da kansa, kana cika kofi, har ya fara tafiya a jere. Ka ɗaure. Daga nan tsarin shi ne: ya taka a hankali ya riƙe, ka buɗe, mai ya fita, ka ɗaure, sannan ya ɗago. Idan ya ɗago kafin ka ɗaure, iskar da kuka fitar ta koma. Kofin nan ƙarami ne ƙwarai, taku kaɗan yake ƙarar da shi, saboda haka kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi, in ba haka ba aikin ya koma farko.

Akwai iskar da take maƙalewa a bayan fistin ɗin silindar ƙasa, wadda feda ba ta korowa. Maganinta shi ne ka buɗe notin, ka tura sandar da hannu ta mayar da fistin har ƙuryar silinda, ka ɗaure notin tun kana riƙe da ita, sannan ka saki a hankali. Idan ka kwance silindar daga jikin giyabos domin ka karkata ta notin ya kasance a can sama, to kada kowa ya taɓa feda, domin fistin zai yi tsalle ya fito. Notin kuma a ɗaure shi daidai wa daida, siriri ne, yana karyewa.

Idan duk da haka fedar ba ta cika ba, sai a turo man daga ƙasa, tunda ita iska sama take son tafiya. Ka rage man kofi, ka cika babban sirinji sabo da man birki, ka kore iskar da ke cikinsa da ta cikin tiyo, ka haɗa da notin, ka buɗe, ka tura a hankali feda tana sama. Za ka ga kumfa yana fitowa a cikin kofi, kuma wani ya tsaya yana kallo kada ya ambaliya. Wannan hanya ba ta yiwuwa idan sandar feda tana danne da fistin, don haka ka sake tabbatar da wasan da Malam ya ambata bayan ɗaura sabuwar masta.

Kada ku jira fedar kuloci ta yi tauri ta tsaya a tsakiya kamar ta birki, ba haka take ba, har ƙasa take zuwa ko da lafiyarta ƙalau. Alamar an gama ita ce sandar ƙasa ta fara motsi da zarar wasan feda ya ƙare, ta kuma tsaya a inda take idan an riƙe. Sai ka tayar da inji, ka taka, ka ɗan jira, ka sa ribas: ya kamata ta shiga babu ƙara, kuma motar ta fara ja ne bayan fedar ta taso daga ƙasa da aƙalla milimita 25. Idan sandar tana tafiya sosai amma giya tana ƙara, a nan ne za a duba fok, wato ƙarfen da sandar take turawa, ko ya tsage ko ya lanƙwashe, da fil ɗin da ya haɗa feda da sanda ko ya cinye.

Tunda an yi tafiya da sandar a matse, ka gwada faifan ma. A hanya mai kyau wadda babu cunkoso, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka taka totur sosai. Idan kukan inji ya tashi tare da gudun mota, faifanka yana nan, babu abin da zai kai ka ga sauke giyabos. Bayan haka ka wanke jikin giyabos inda tsohon mai ya jiƙa domin sabon yoyo ya bayyana idan akwai, ka yi alama a jikin kofi daidai inda mai ya tsaya, ka duba alamar da cikin robar silindar ƙasa bayan mako guda.